Ayon in ya yi yawa, hanta ce ke kwana a ciki

Gishiri in ya yi wa jiki yawa ƙoda za ta tace shi ya bi fitsari ya fita, ruwa ma haka, bitamin C ma in ka sha ya wuce ƙima rarar fitsari za ta bi. Amma sinadarin ayon, wannan ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, shi fa nasa daban ne, in ya shiga ya shiga kenan. Babu wata gaɓa a jikin ɗan Adam da aikinta shi ne fitar da ayon in ya yi yawa, ba ƙoda ba, ba hanta ba, ba hanji ba. Abin da ke fita ɗan kaɗan ne, miligiram 1 zuwa 2 a rana, shi ma ba wai fitar da shi ake yi da niyya ba, yana bin matattun ƙwayoyin fata ne da na bangon hanji da suke zubewa kullum, sai kuma mata da suke rasa wani kaso ta jinin al'ada. Shikenan. Idan mutum ya gane wannan magana ɗaya to sauran bayanin duk zai zo masa da sauƙi.

Duk jikin babban mutum ayon ɗin da ke ciki giram 3 ne zuwa 4, kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, a haimogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki. Jajayen ƙwayoyin nan kwana kamar 120 suke yi su tsufa, sai saifa da hanta su farfasa su, su kwashe ayon ɗin ciki su mayar wa ɓargo ya sake ƙera sababbi, a haka ake juya kimanin miligiram 20 zuwa 25 kullum ba tare da an nemi ko ɗigo daga waje ba. Kun ga kenan abin da jiki yake buƙata daga abinci ɗan cike gurbi ne kawai. Kuma tunda ba hanyar fita, duk tsaron a bakin shiga yake, wato a hanji. Wanda yake ba da umarnin a buɗe ko a rufe kuwa hanta ce, ta hanyar wani sinadari da take fitarwa mai suna hefsidin, wanda sai a wajajen 2000 zuwa 2001 aka gano shi, jiya-jiyan nan kenan in aka yi la'akari da daɗewar ilimin likitanci. In ajiya ta cika hanta ta ƙara hefsidin, hanji ya rage tsotsa. In ajiya ta yi ƙasa ta rage shi, hanji ya ƙara himma. Ita ce mai gadi, ita ce kuma ma'aji, shi ya sa in lissafin ya ruɗe ita ce farkon wadda za ta ji a jikinta.

Kafin wani ya ce na zo in hana mutane shan maganin ƙarin jini, a'a. Ƙarancin ayon ya fi yawansa yaɗuwa a duniya nesa ba kusa ba, mai ciki da likita ya rubuta wa ta sha abinta, yaron da aka auna aka ga ayon ɗinsa ya yi ƙasa a ba shi, wanda ya yi zubar jini a mayar masa. Kuma mai lafiya wanda hefsidin ɗinsa ke aiki daidai, da wuya abinci kaɗai ya tara masa ayon har ya cutar da shi. Abin da nake ƙi shi ne ɗabi'ar nan ta duk wanda ya ji kasala ko jiri ya yanke wa kansa hukunci wai jininsa ne ya yi ƙasa, ya sayi kwalba ya yi ta sha wata da watanni babu gwaji babu komai, in ta ƙare ya sayo wata, yana ganin ai ƙarin lafiya ne ko bai yi amfani ba ba zai yi illa ba. Namiji baligi miligiram 8 yake buƙata a abincinsa na yini, mace mai al'ada 18, mai ciki 27, amma ƙwaya ɗaya ta feros salfet, maganin ayon da aka fi sani, tana ɗauke da miligiram 65. Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun nan na baya, za ka ga abin da nake faɗa.

To su waye ayon ke taruwar wa? Akwai na gado, ciwon da likitoci ke kira hemokuromatosis. Wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana alamunsa tun 1865, Bajamushe von Recklinghausen ya raɗa masa suna a 1889, amma ƙwayar gadon da ke jawo mafi yawansa, HFE, sai 1996 aka gano ta. Masu shi hantarsu ba ta fitar da isasshen hefsidin, saboda haka hanjinsu kullum a buɗe yake kamar jiki na cikin yunwar ayon alhali ya ƙoshi, ɗan ƙari kaɗan kullum, shekara talatin shekara arba'in, sai ka tarar mutum ya tara giram 20 ko fiye. Ya fi yawa a mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kamar mutum 1 cikin 200 yana ɗauke da ƙwayar daga uwa da uba, duk da ba dukkansu ciwon ke bayyana a jikinsu ba. Maza yakan fito musu da wuri, mata kuwa jinin al'ada da haihuwa suna rage musu kaya, sai bayan al'ada ta ɗauke ake fara ganin nasu. A kudancin Afirka kuma an rubuta wani nau'in tun 1929 a Johannasbag, wanda aka danganta da giyar gida da ake dafawa a gangunan ƙarfe, ƙarfen gangar yana narkewa a cikin abin shan, ga kuma barasar kanta.

Amma wanda ni ya fi tsaya min a rai shi ne na masu karɓar ƙarin jini akai-akai, masu sikila da masu talasimiya, wani ciwon jini na gado da ke hana jiki ƙera isasshen haimogulobin, da wasu masu ciwon ɓargo. Leda ɗaya ta jini tana ɗauke da ayon miligiram 200 zuwa 250, kuma wannan ta jijiya ya shiga, bai bi ta hanji ba balle hefsidin ya tare shi. Ka lissafa da kanka, jiki na zubar da 1 zuwa 2 a rana, leda ɗaya kenan sai ta ɗauki watanni kafin kwatankwacinta ya fita, ina ga wanda ake ƙara wa duk wata. Shi ya sa bayan leda 10 zuwa 20 likitoci suke fara bibiyar ayon ɗin mutum. A nan ne kuma ruɗanin yake, domin mai sikila za a auna PCV ɗinsa, wato yawan jajayen ƙwayoyin jininsa, a ga ya yi ƙasa, idonsa ya yi fari, 'yan uwa cikin tausayi su ce a nemo maganin ƙarin jini, alhali shi matsalarsa ba rashin ayon ba ce, ƙwayoyin jininsa ne ke saurin fashewa, ayon ɗin cikinsu kuma bai je ko'ina ba yana nan a jiki. Mutum zai iya zama jininsa ya yi ƙasa kuma ayon ya yi masa katutu a hanta a lokaci guda. Folik asid da ake ba su daban ne da ayon, kar a haɗa, kuma wasu magungunan ƙarin jinin a haɗe suke zuwa, duk biyun a ƙwaya ɗaya.

Sai masu ciwon hanta tun asali, mai shan giya, mai hefataitis C, mai kitse a hanta. Barasa tana danne hefsidin, hefataitis C ma haka, sai ayon ya ɗan taru, ba kamar na gado ba amma a kan hantar da dama tana fama, kaɗan ma ya isa ya ƙara wa wuta fetur.

Yanzu bari mu zo kan yadda ɓarnar take faruwa, don nan ne maganar antioksidan, sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, ta shigo, kuma nan ne na ga ana yawan sayar wa mutane da labarin da bai cika ba.

Jiki bai taɓa yarda ayon ya yi yawo shi kaɗai ba. A cikin jini wani furotin ne yake riƙe da shi, taransferin, kuma a mai lafiya kamar kashi ɗaya cikin uku na guraben taransferin ɗin ne kawai a cike, sauran a buɗe suke suna jiran ko-ta-kwana. A cikin ƙwayoyin hanta kuma akwai feritin, wani furotin mai rami a ciki da zai iya kulle ƙwayar zarrar ayon har kusan 4,500. Muddin ayon na hannun waɗannan biyun lafiya lau. Matsala tana farawa ne in guraben taransferin suka cika, sai rarar ta fara yawo a sake, hanta kuma ta yi ta kwashe ta da sauri tunda jinin da ya taso daga hanji ita yake fara bi. Ayon ɗin da ke sake yana da wata ɗabi'a, yana ba da elektiron yana karɓa cikin sauƙi, wannan ɗabi'ar ce ma ta sa yake da amfani wajen ɗaukar oksijin, ita ce kuma haɗarinsa. Kowace ƙwayar halitta in tana ƙona abinci don samar da kuzari tana fitar da ɗan haidurojin feroksaid, irin ruwan wanke ciwon nan da ke kumfa in an zuba a kan rauni, kumfar ma ai aikin wani enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jikinmu, mai suna katales da ke farfasa shi ya koma ruwa da oksijin. To in wannan feroksaid ɗin ya haɗu da ayon a sake kafin katales ya kai gare shi, sai ya rikiɗe ya zama wani abu da ake kira haidurokzil, wanda a duk cikin miyagun sinadaran da jiki ke samarwa babu mai zafinsa. Wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai na Ingila, Henry Fenton, shi ya fara bayyana wannan haɗuwar a 1894, har yau da sunansa ake kiranta. Abin takaicin shi ne ayon ɗin ba ya ƙarewa a wannan aikin, ya yi ya koma yadda yake ya sake yi, ƙwaya ɗaya za ta yi ta maimaitawa ba iyaka.

Shi haidurokzil ba ya tafiya nesa, duk abin da ke kusa da shi yake kai wa hari nan take, DNA ne, furotin ne, amma inda ya fi ɓarna shi ne kitsen da aka yi bangon ƙwayoyin halitta da shi. Kun san yadda man girki in ya daɗe a buɗe yake canza wari ya yi ɗaci, to ainihin irin wannan lalacewar ce ke samun bangon ƙwayar hanta, kuma ba ta tsayawa a wuri ɗaya, kitsen da ya lalace shi zai lalata na kusa da shi, na kusa ya lalata na gaba, a haka har bangon ya fara yoyo. Mitokondiriya, ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar da kuzari, ta samu matsala, ta ƙara fitar da feroksaid, ayon ya ƙara samun abin aiki. A 2012 masu bincike har suna suka ba irin mutuwar ƙwayar halitta da ayon ke jawowa ta wannan hanyar, ferotosis.

Jiki ba ya naɗe hannu yana kallo. Yana da rundunar kariya, su ake kira antioksidan, kuma mafi ƙarfinsu ba a kwalba ake sayen su ba, jikin ne ke ƙera abinsa. Babbansu gulutatiyon, wanda hanta ce ta fi kowace gaɓa samar da shi da tara shi. Akwai enzayim irin su SOD da katales da gulutatiyon feroksides mai aiki da sinadarin seleniyom. Sai waɗanda ake samu daga abinci, bitamin E da ke zaune a cikin bangon kitsen yana katse lalacewar nan mai yaɗuwa, da bitamin C da ke farfaɗo da bitamin E in ya gaji. Da farko in ayon ya fara yawa hanta ƙara ƙoƙari take yi, ta ƙara ƙera feritin, ta ƙara enzayim ɗin kariya, shi ya sa mutum zai yi shekaru bai ji komai ba. Amma kowane gulutatiyon da ya tare hari sai an sake sabunta shi kafin ya koma aiki, in harin ya fi ƙarfin sabuntawar sai ajiyar ta fara ja da baya. Abin da ake gani kenan a jinin masu tarin ayon, musamman masu talasimiya da aka fi yin bincike a kansu, bitamin E ƙasa, bitamin C ƙasa, gulutatiyon ƙasa, sannan malondayaldehaid, wato burbushin kitsen da ya lalace, ya hau sama. Ba wai lallai ba sa cin abinci mai kyau ba ne, cinye kariyar ake yi da sauri fiye da yadda ake mayarwa. Kuma ku tuna wannan gulutatiyon ɗin dai shi hanta take amfani da shi wajen kashe dafin farasitamol da rage ɓarnar barasa, kun ga hantar da ayon ya riga ya tatse ba ta da rarar da za ta yi wasa da ita.

Nan ne mai tallar magani zai ce to ai shikenan, tunda antioksidan ne suka yi ƙasa sai a sayi na kwalba a cike. Wallahi da haka abin yake da an huta. Na farko babu wani antioksidan da zai riga haidurokzil isa wurin, kafin a ce kwabo ya gama ɓarnarsa, dabarar jiki tun asali ita ce hana shi samuwa ta hanyar kulle ayon, ba bin sa a guje ba. Na biyu, muddin ayon ɗin na nan yana maimaita aikinsa, duk abin da ka zuba cinye shi za a yi. An gwada ba masu tarin ayon bitamin E da makamantansa, a kan ga wasu alkaluman gwajin jini sun ɗan gyaru, amma ayon ɗin da ke hanta bai ragu ba, kuma babu likitan da zai ce maka wannan ya maye gurbin cire shi. Na uku kuma wanda ya fi ba mutane mamaki, bitamin C da kowa ya sani a matsayin mai kariya, a gaban ayon mai yawa juyawa yake yi. Yana ƙara wa hanji tsotsar ayon daga abinci, sannan yana mayar da ayon zuwa siffar da ta fi saurin haɗuwa da feroksaid, wato yana rura wutar haɗuwar nan ta Fenton da hannunsa. Shi ya sa ake hana masu tarin ayon shan manyan ƙwayoyin bitamin C, irin masu miligiram 500 ko 1,000 ɗin nan da ake jefawa a ruwa suna tafasa. 'Ya'yan itace ba laifi, abin da ke cikinsu bai kai ya yi wannan ba. In ma za a ba mai shan maganin cire ayon bitamin C, likita ne ke aunawa ɗan kaɗan, don an taɓa ganin yawansa ya taɓa zuciya.

Ƙwayoyin hanta in suka yi ta mutuwa ana maye su, akwai wasu ƙwayoyi a gefe masu siffar tauraro waɗanda a zaman lafiya aikinsu ajiye bitamin A ne kawai, sai hayaniyar ta tashe su su koma saƙa kolajin, wato tabo. Tabo kan tabo hanta ta fara tauri, in ya yi nisa ta ƙanƙance ta yi ƙulli-ƙulli, shi ne sirosis, daga nan kuma ƙofar kansar hanta ta buɗe. A masu na gado an lura in feritin a gwajin jini ya haura 1,000 haɗarin sirosis yana ƙaruwa sosai, ƙasa da haka kuwa in sauran gwajin hanta lafiya suke ba kasafai ake samunsa ba. In aka ɗebi ɗan tsoka daga irin wannan hantar aka zuba mata rinin da ake kira na Perls aka sa a madubin likita, hantar mai lafiya ja-ja za ka gan ta fes, wannan kuwa sai ka ga shuɗin ɗigo-ɗigo ya cika ƙwayoyin, ya fi kauri a kewayen jijiyoyin da ke shigo da jini daga hanji, yana raguwa in an matsa ciki, kamar kana kallon sawun inda ayon ɗin ya biyo. Na masu ƙarin jini kuma shuɗin a ƙwayoyin shara na hantar yake fara taruwa, su da suka haɗiye tsofaffin ƙwayoyin jinin, daga baya ya malala zuwa sauran.

Hanta in ta cika sai ya wuce gaba. Ya sauka a fankiriyas, gaɓar da ke daidaita sugan jini, ya kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin a samu ciwon suga, ya sauka a zuciya bugunta ya rikice ko ta gaza, wanda shi ne ya fi kashe masu talasimiya kafin a samu magungunan cire ayon, ya sauka a wata 'yar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran balaga sai namiji ya rasa sha'awa da ƙarfi, mace al'adarta ta ɗauke, yaro ya ƙi balaga a kan lokaci. Fata ta yi duhu ko toka-toka, wanda a mai duhun fata ba lallai a lura ba. Akwai kuma ciwon gaɓoɓi na musamman da ke kama gindin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, mutum ya ji zafi in an matse masa hannu wajen gaisawa. Amma alamar farko da ta fi yawa ita ce gajiya, gajiya zalla, irin wadda ke sa mutum ya ce jininsa ne ya yi ƙasa ya je ya ƙaro ayon.

Gwajin ba wani mai wahala ba ne, jini ake ɗiba a duba abu biyu, feritin da kuma yawan cikar taransferin, in cikar ta wuce kashi 45 cikin 100 sai a zurfafa bincike. Sai dai a yi hattara da feritin, don shi mai saurin tashi ne, zazzaɓi na ɗaga shi, kumburi kowane iri na ɗaga shi, kitsen hanta da giya da ƙiba duk suna ɗaga shi, mafi yawan waɗanda za a ga feritin ɗinsu ya hau ba tarin ayon ne da su ba. Saboda haka kar wani ya ga lamba ta ɗan haura a takardar gwaji ya tayar da hankalin gida, a haɗa da ɗayan gwajin, a maimaita bayan an warke, in ta kama a yi hoton MRI wanda yanzu yake iya auna ayon na hanta da na zuciya ba tare da an soka wa mutum allura a ciki ba. Haka kuma ALT da AST, gwaje-gwajen hanta da aka saba yi a jini, suna iya fitowa daidai alhali ayon na taruwa, don haka cewa an yi gwajin hanta lafiya lau bai rufe maganar ba.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba, duk da shi ba a hankali yake zuwa ba, shi ne yara da ƙwayoyin ayon na iyayensu mata. Ƙwayoyin nan ja ne ko kore masu sheƙi, wasu da zaƙi a bayansu, yaro ɗan shekara biyu zai ɗauka alewa ce. Abin da ya kai miligiram 60 a kan kowane kilo na nauyin yaro guba ce mai iya kisa, yaro mai kilo 10 kenan ƙwaya goma ta isa. Zai fara da amai da gudawa wani lokaci da jini, sai ya lafa kamar ya warke na wasu awanni, iyaye su saki jiki, bayan kwana ɗaya zuwa uku hanta ta gaza. In haka ta faru asibiti kai tsaye tare da kwalin maganin, ko da yaron na wasa.

Magani kuwa ga wanda jininsa bai yi ƙasa ba, tsohuwar hanya ce mai sauƙi, a ɗebi jini. Leda ɗaya kamar rabin lita a mako, kowace leda ta tafi da miligiram 200 zuwa 250, ɓargo ya ɗebo daga ajiyar hanta ya ƙera sabon jini, a haka ake yashe ta a hankali. Wanda ya tara rarar giram 10 kun ga yana buƙatar leda wajen 40, kusan shekara kenan yana zarya, ana yi ana auna haimogulobin har feritin ya sauko wajajen 50. Masu sikila da talasimiya kuwa ba a ɗibar musu jini tunda shi suke nema, su sai magungunan da ke kama ayon su fitar da shi ta fitsari da bayan gida. Na farkonsu deferoksamin tun shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma duk wanda ya ga yadda ake ba da shi zai tausaya, ƙaramar allura ce ake sokawa a ƙarƙashin fatar ciki a haɗa ta da ɗan inji yana turawa a hankali awa 8 zuwa 12, yawanci da dare yaro na barci, kusan kullum, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, da safe fitsari ya fito ja-ja alamar ayon na fita. Daga baya aka samu na haɗiya, deferifuron, da deferasiroks wanda Amurka ta amince da shi a 2005, sun sauƙaƙa rayuwa sosai amma su ma ba a sha da ka, na farkon yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, na biyun sai ana duba ƙoda da hanta. Ga masu sikila akwai kuma musanyar jini, a cire nasu a sa wani a lokaci guda, wannan ba ya tara ayon kamar ƙari zalla. Kuma abin lura, in ayon ya sauka alkaluman lalacewar kitsen nan su ma sukan sauka, kariyar jiki ta samu sararin farfaɗowa da kanta.

Batun abinci ba sai an takura kai ba, don abin da za ka rage ta abinci a wata guda leda ɗaya ta fi shi. A bar ƙwayoyin ayon da maltibitamin masu ayon a ciki, a bar manyan ƙwayoyin bitamin C, giya kam ko kusa, a rage jan nama da hantar dabba, shayi tare da abinci yana rage tsotsar ayon. A guji ɗanyen abincin teku irin su kawa saboda wata ƙwayar cuta mai suna Vibrio vulnificus da ke bunƙasa a jinin da ayon ya yi wa yawa. A yi rigakafin hefataitis B in ba a yi ba. Su kuma haɗe-haɗen da ake tallatawa wai suna wanke hanta, ni dai ban ga yadda za su yi da giram 10 na ƙarfe ba, wasunsu ma su ne ke ƙara wa hantar aiki.

Lokacin da aka gano abin shi ne komai. Mai na gado da aka fara ɗibar wa jini kafin sirosis da suga su kama shi, tsawon rayuwarsa daidai yake da na kowa, gajiyar takan tafi, tabon da bai yi nisa ba yakan ja baya, sai dai ciwon gaɓoɓin shi kam yakan ƙi tafiya. Wanda sirosis ya riga ya kama kuwa ko an yashe ayon ɗin tas haɗarin kansar hanta na nan, sai ya riƙa yin hoton hanta duk wata 6. Bayan an sauko da feritin ba a sallami mutum ba, zai ci gaba da ba da leda ɗaya duk bayan wata 2 zuwa 4 iya rayuwarsa. Kuma in an tabbatar na gado ne a kira 'yan uwansa da suke uwa ɗaya uba ɗaya su ma a gwada su ko ba sa jin komai, kowannensu yana da yiwuwar 1 cikin 4 na ɗauke da irin abin da yake ɗauke da shi.